Basir, nasur da antibiyotik: tarihin cutar da ta rasa suna, daga Ƙurɗuba zuwa Madarunfa

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana bin tarihin wata tambaya ta likitanci: idan an tsaga ƙurjin dubura an fitar da mugunya, shin shan antibiyotik yana hana ramin da kan biyo baya, wanda faransanci ke kira « fistule anale »? Za mu duba sunayen cutar a hausa, da tarihin aikin aska, da gwaje-gwajen da aka yi kan ƙwayoyin magani, sannan mu auna su da abin da bincike ya gano a gundumar Madarunfa tsakanin 2012 da 2017.

0. Gabatarwa

A cikin bangon dubura akwai wasu ƴan mitsi-mitsin jakunkuna masu fitar da yauƙi, bakinsu yana buɗewa ta ciki. Idan bakin ɗaya ya toshe, ƙwayoyin cuta na hanji sukan taru a ciki, mugunya ta kwanta, wuri ya kumbura, zama ya gagara. Wannan shi ne ƙurjin dubura. Maganinsa tsaga ne. To amma bayan an tsaga, kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya rabuwa da abin: sai a bar shi da wata ƴar siririyar hanya wadda ta taso daga cikin dubura ta ɓullo a fata, tana ta tsatsar mugunya wata da watanni. Cutar ta fi kama maza, kuma galibi magidanta masu ƙarfin aiki.

Mai karatu zai iya tambaya me ya kawo sashen nazarin harsuna cikin wannan magana. Amsarmu ita ce, majinyaci da baki yake fara neman magani. Sunan da ya ba ciwonsa shi ke zaɓa masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ta wanzami, ko ta mai tallar ƙwaya, ko ta likita. Saboda haka za mu fara da suna.

1. Matsalar suna

1.1. Larabci ya bambanta cututtuka biyu da kalmomi biyu masu kama da juna: « bâsûr », wato kumburin jijiyoyin jini na dubura, da « nâsûr », wato ramin da muka bayyana a sama. A rubuce, bambancinsu ɗigo ɗaya ne: idan yana ƙarƙashin harafin farko an sami ba, idan yana sama an sami nun. Kusancin nan tsoho ne. Hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda ya yi tambaya kan yadda marar lafiya zai yi salla, ya zo da « bawâsîr » a ruwayar Buhari, a ruwayar Abu Dawuda kuma ya zo da « nâṣûr ».

Hausa ta ari ta farkon, ta yi mata kwaskwarima daidai da ƙa'idarta. Tun da hausa ba ta yarda da dogon wasali cikin rufaffiyar gaɓa ba, sai « bâsûr » ta koma basur da gajeren u. Daga nan kuma musayar u da i, wadda muka sani a buki da biki ko bunne da binne, ta ba mu basir. Ta biyun kuwa ba ta sami shiga bakin jama'a ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta ɗan littafi sukutum kan magungunan wannan ciwo, al-Qawl al-manthûr fî bayân adwiyat 'illat al-bâsûr, abin da ke nuna irin gindin da kalmar ta riga ta kafa a wajen malaman ƙasar Hausa tun farkon ƙarni na 19.

1.2. Da basir ya zauna shi kaɗai, sai ya faɗaɗa. A kasuwa ana jin basir mai tsiro da basir mai jini, kuma masu tallar magani da lasifika sukan jingina masa ciwon baya, kumburin ciki, kasala, har da raunin mazakuta. A ɓangaren Nijar akwai kuma « zahi », wanda ya fi basir faɗi, kuma ƴan boko sukan fassara shi da « hémorroïdes » kamar yadda ake yi wa « weyno » na zabarmanci. Littafin da Jaffré da Olivier de Sardan suka shirya a 1999 kan yadda jama'a ke gina sunayen cututtuka ya nuna cewa irin waɗannan sunaye ba su faɗa daidai kan rabe-raben likita. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, mutumin da mugunya ke tsatsa daga ramin dubura zai ce basir gare shi, kuma maganin basir zai nema: jiƙo, ko zama cikin ruwan bagaruwa.

1.3. Kalmar « fistule » ita ma ba ta fitar da mu. A jahar Maradi, musamman tun da aka buɗe cibiyar gyaran mata a Danja a 2012, wanda ya ji ta yoyon fitsari yake fahimta, wato raunin doguwar naƙuda. Namijin da tafinta ya ce masa yana da « fistule » sai ya ga an jingina masa ciwon mata. A cikin wannan ƙasida za mu yi amfani da nasur, mu bar shawarar suna sai a kammalawa.

2. Zamanin aska

2.1. Hausa tana da kalma ta musamman domin huda kumburi a fitar da mugunya: sakiya. Akan yi ta da ƙarfe mai tsini da aka gasa a wuta, kuma aiki ne da aka san wanzamai da shi, tare da ƙaho da tsaga da kaciya. Karin maganar nan ta « sakiyar da ba ruwa », wadda ake faɗa idan an cuci mutum cuta mai zafi, tana ɗauke da ilimin aikin: sakiya ta gari ita ce wadda ta tarar da ƙurji ya nuna, ta fitar da ruwa, wadda ta huda nama a banza azaba ce kawai. A kan asalin ƙa'idar, wato mugunya sai an fitar da ita, wanzami da likitan fiɗa na yau bakinsu ɗaya. Inda suka rabu shi ne tsabtar kayan aiki, da kashe zafi, da sanin inda zoben tsokar da ke tsuke dubura yake, domin wanda ya yanke shi ya bar mutum ba ya iya riƙe bayan gida.

2.2. Wannan tsoro na yanke zoben tsoka shi ya mallaki tarihin nasur baki ɗaya. Littattafan da ake jingina wa Hippocrate, na wajen ƙarni na 5 zuwa na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, sun bayyana yadda ake zura zaren lilin da gashin doki ta cikin ramin, a ɗaure, a riƙa tsukewa kullum har ya yanka naman a hankali yana warkewa a bayansa. Likitocin Indiya na dā sun yi irin wannan da zare mai shafe da magani. Abul Ƙasim al-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin nasur a kashi na 30 na littafinsa al-Tasrîf, inda ya nuna yadda ake bin ramin da tsinken ƙarfe a gane ko ya ratsa har hanji, da inda ake lalas da wuta. An juya wannan kashi zuwa latin a Toledo a ƙarni na 12, ya zama littafin karatun masu fiɗa na Turai. A Ingila, John Arderne ya rubuta nasa littafin kan nasur a 1376.

2.3. Majinyacin da ya fi kowa suna shi ne sarkin Faransa Louis XIV. Ƙurji ya fito masa a farkon 1686, ya fashe, ya bar nasur. An yi ta shafe-shafe ba biyan bukata. Mai fiɗarsa, Charles-François Félix, ya nemi a ba shi lokaci, ya yi watanni yana gwada hannunsa a kan talakawa masu irin ciwon, ya kuma ƙera wata lanƙwasasshiyar aska domin aikin. Ranar 18 ga Nuwamba 1686 ya yi wa sarki aiki a Versailles ba tare da maganin kashe zafi ba, sarki kuma ya warke bayan an sake taɓa wurin. Ya kamata mu lura cewa a Faransa ta wancan zamani masu fiɗa ƙungiyarsu ɗaya da masu aski, wato su ma wanzamai ne, kuma likitocin jami'a suna raina su. Warkewar sarki ta ɗaga darajarsu: an kafa majalisar masana fiɗa ta sarki a 1731, aka raba su da masu aski a 1743. A Landan kuma Frederick Salmon ya buɗe a 1835 gidan jinyar talakawa masu nasur wanda ya zama asibitin St Mark.

Duk wannan tarihi na gyaran ramin ne bayan ya riga ya samu. Tunanin hana shi samuwa bai taso ba sai da abubuwa biyu suka haɗu: sanin mafarin ciwon, da samuwar ƙwayar da ke kashe ƙwayoyin cuta.

3. Zamanin ƙwaya

3.1. Masana sun bayyana jakunkunan bangon dubura tun wajen 1880, amma Alan Parks ne a 1961 ya tsayar da ra'ayin cewa ƙurji da nasur ciwo ɗaya ne mai mataki biyu, kuma daga jakar da ta ruɓe yake tasowa. A 1982 Grace da abokan aikinsa a Ingila sun nuna cewa ƙurjin da aka sami ƙwayoyin cuta na hanji cikin mugunyarsa shi ne ke tafe da nasur, wanda kuwa ƙwayoyin fata kaɗai ke cikinsa maruru ne kamar kowane maruru.

3.2. Kalmar da muka ara, antibiyotik, asalinta « antibiose » ce wadda Paul Vuillemin na Nancy ya ƙirƙira a 1889, Selman Waksman kuma ya ba ta ma'anarta ta yanzu a farkon shekarun 1940. Fleming ya gano penisilin a 1928. Magungunan da suka shafi maganarmu sun zo daga baya: metronidazol daga Faransa wajen 1960, amoksisilin a 1972, haɗinsa da asid kilabulanik a 1981, sai siprofulokzasin a 1987. Lissafin yana da sauƙi a baki: tun da ƙwayoyin hanji ne ke ruɓar da jakar, idan an kashe ragowarsu bayan tsaga, hanyar za ta rufe kafin ta yi bango. Sai dai abin da ya yi daidai a baki sai an gwada shi a jikin mutane.

3.3. Yadda ake gwajin shi ne a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a hana wasu, a ƙirga daga baya. Gwaji biyu ne aka fi ambata.

Na farko na Turkiyya ne, na Sözener da abokansa, ya fito a 2011. Bayan tsaga, an ba rabin majinyata amoksisilin da asid kilabulanik kwana 10, rabi kuma ƙwayar wofi mai kama da ita, ba majinyaci ba likita da ya san wa ya sami wace. An bi mutum 151 har shekara guda. Nasur ya fito wa kashi 37,3 cikin 100 na masu shan maganin, da kashi 22,4 na masu shan ƙwayar wofi. Wato maganin bai kare kowa ba.

Na biyu na birnin Shiraz ne a Iran, na Ghahramani da abokansa, ya fito a 2017. Mutum wajen 300 ne, an ba rabi siprofulokzasin da metronidazol kwana 7, rabi ba a ba su kome ba, aka bi su wata 3. Nasur ya fito wa kashi 14 cikin 100 na masu shan magani, da kashi 30 na sauran.

A 2019 Mocanu da abokansa a Kanada sun tattara bincike 6 masu ɗauke da majinyata 817, suka sami kashi 16 a gidan magani da kashi 24 a ɗaya gidan, tare da gargaɗin cewa binciken da suka tattara ba ƙarfinsu ɗaya ba. Saɓanin Turkiyya da Iran yana da dalilai da ake iya gani: magungunan daban ne, tsawon bibiya daban ne, kuma wata 3 gajere ne ga ramin da kan ɗauki lokaci kafin ya bayyana, gwajin da ya yi amfani da ƙwayar wofi, wanda ya fi tsauri a tsari, shi ne bai sami amfani ba. Bisa ga haka jagorar ƙungiyar likitocin fiɗar hanji ta Amurka ta 2022 ta tsaya kan cewa tsaga da wuri shi ne magani, antibiyotik kuma a tanade shi domin wanda kumburi ya bazu masa cikin fata, ko zazzaɓi ya nuna cutar ta shiga jiki, ko garkuwar jikinsa ta yi rauni. Mai ciwon sukari yana cikin waɗanda ake sa wa ido sosai, domin a jikinsa ƙurjin kan iya rikiɗa ya zama ruɓar nama mai kisa wadda Fournier ya bayyana a 1883.

4. Abin da Madarunfa ta ƙara

4.1. Madarunfa tana kudu da Maradi, a bakin tabkinta, hanyar Ɗan Isa da Jibiya kuma ta ratsa gundumar zuwa Katsina. Ƙwayar magani ta daɗe tana bin wannan hanya. Bayan karya darajar kuɗin sefa ranar 12 ga Janairu 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada, kuma a wannan tsakani ne aka shimfiɗa tsarin biyan kuɗin jinya a gidajen likita na gwamnati. Talaka ya koma wajen mai tire da mai teburi, inda ake sayar da kafso ɗaiɗai, a kira shi da launinsa, ja da yalo, a sha biyu ko uku a bari idan zafi ya lafa.

4.2. Wannan gunduma ta zama wurin gwaji biyu manya, waɗanda cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF ta gudanar tare da hukumomin lafiya na Nijar. Babu wanda ya shafi dubura kai tsaye a cikinsu, amma magungunan da suka auna su ne na Turkiyya da Iran, kuma tambayarsu ita ce tamu: a ba kowa antibiyotik domin kariya, ko a tanade shi?

Na farko an yi shi daga 2012 zuwa 2013 a gidajen likita 4, kan yara wajen 2400 masu tamowa mai tsanani marar rikici, ƴan wata 6 zuwa 59. An ba rabi amoksisilin kwana 7, rabi maganin wofi, dukansu suna cin abincin jinya. Sakamakon, wanda Isanaka da abokan aikinta suka buga a 2016, ya nuna kashi 65,9 sun murmure a gidan magani, kashi 62,7 a ɗaya gidan, bambancin da bai kai a dogara da shi ba, ko da yake maganin ya rage yawan waɗanda aka kwantar a asibiti. Gwajin Malawi na 2013 kuwa ya sami amfani a fili. Ga saɓani irin na Turkiyya da Iran ya sake fitowa: magani ɗaya, wuri daban, amsa daban.

Na biyu an yi shi lokacin annobar sanƙarau ta 2017 a ƙauyuka 49. Inda aka raba wa gari duka siprofulokzasin sha ɗaya, mutum 190 cikin 100 000 suka kamu. Inda ba a raba ba, 451. A nan kariya ta yi aiki. Amma masu binciken, Coldiron da abokansa, sun kuma auna bayan gidan wasu mazauna ƙauyukan, suka tarar tun kafin a raba ko ƙwaya ɗaya fiye da mutum 9 cikin 10 suna ɗauke da ƙwayoyin hanji masu jure wa siprofulokzasin.

4.3. Wannan adadi na ƙarshe shi ya kamata mu tsaya a kansa. Ƙwayar sanƙarau a maƙogwaro take zaune, kuma maganin yana cin ta. Ƙurjin dubura kuwa daga hanji yake samun ƙwayoyinsa, wato daga inda aka tarar da masu jurewa. Ɗaukar ƙwaya mai jurewa a hanji ba ya nufin lalle ita ce za ta shiga ƙurjin, domin hanji taro ne na iri-iri. Duk da haka, wanda ya ɗauko sakamakon Shiraz ya shimfiɗa shi a Madarunfa yadda yake, ya yi zaton hanjin mutanen wuraren biyu ɗaya ne, alhali awon 2017 ya ba da dalilin shakka. Daɗin daɗawa, kowane kwana 7 na siprofulokzasin da aka sha ba bisa bukata ba yana ƙara wa masu jurewa fili, kuma maganin nan shi ne gundumar ta ga amfaninsa ranar annoba. Haka nan a ƙasashen da tarin fuka ya yawaita, wani nasur ɗin shi ke haddasa shi, kuma wannan sai maganin tarin fuka na watanni.

5. Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna cewa ƙa'idar sakiya ba ta tsufa ba, amfanin ƙwaya bayanta kuwa shaida ta rabu a kansa. Hukunci a kan majinyaci na likita ne. Namu shi ne kalmomin da za a isar da hukuncin da su, kuma muna da shawara uku ga masu fassara littattafan lafiya da masu shirin rediyo.

Ta farko, a fitar da nasur daga inuwar basir. A yoyon fitsari, suna na biyu yana faɗin abin da ke zuba. Bisa wannan ƙira muna ba da shawarar yoyon mugunya na dubura domin jama'a, a bar nasur domin rubutun masana, tun da tana da asali a karatun malamanmu. Yoyon dubura kaɗai zai rikice da yoyon bayan gida na masu haihuwa.

Ta biyu, a yi hattara da kalmar rigakafi. Ta ƙunshi riga da kafi, wato a riga abokin gaba kafa shinge, tana kuma tafe da nauyin karin maganar da ta fifita ta a kan magani, da martabar allurar yara. Wanda aka ce masa kafso rigakafin yoyo ne, zai ga ya fi masa sauƙi da rufin asiri ya saya a kasuwa ya sha tun ƙurji na ɗanye, ya kauce wa aska da kunyar tuɓewa gaban likita. Ƙwaya kuwa ba ta ratsa mugunyar da ta riga ta taru. Inda likita ya ga dalilin ba da ita, a kira ta maganin bayan tsaga, domin sunan da kansa ya faɗi abin da ke gaba da abin da ke baya.

Ta uku, a riƙe sakiya a cikin bayanin da ake yi wa manya. Dattijon da ya san bambancin sakiya mai ruwa da marar ruwa ya riga ya fahimci rabin abin da likita ke son faɗa masa. Saura a ƙara masa cewa a wannan wuri akwai zoben tsoka da ba a so ƙarfe ya taɓa, don haka aikin na ɗakin fiɗa ne. Muna fatan ɗaliban da ke shirya kundin digiri kan kalmomin lafiya za su tattara sunayen cututtukan dubura daga bakin wanzamai da ma'aikatan jinya na Madarunfa, Gabi da Ɗan Isa, a gwada waɗannan shawarwari da abin da jama'a ke faɗa da kansu.